Mai Cin Tuwo da Rasit

In ka shigo kasuwarmu ka tambayi Fiskani Luhanga, sai an daɗe ana kallon juna kafin wani ya tuna. Amma ka ce Baƙo, ko yaron goye zai nuna maka shi. Yana can bayan masu kifi, ƙarƙashin wata tsohuwar laima, yana gyaran injin ban-ruwa, kansa ya yi fari fat. Ya riga rabin mutanen kasuwar nan zuwa garin, kuma har gobe Baƙo ne sunansa. Ba mu muka ƙaƙaba masa ba. Shi ya nema da bakinsa, mu kuwa muka ba shi ba mu rage komai ba.

Ni sunana Mailosi, yayan Esnati mai abinci, kawun 'yarta Tamanda. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zauna jiran in yi wa mutumin nan adalci. Ba na son sa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Shekarar da kogin Phalombe ya ɓalle ya cika magudanan fadamar shinkafarmu da yashi, a shekarar aka kawo shi. Wani kamfanin 'yan arewacin ƙasarmu ne daga Mzuzu ya sami kwangilar yashewa. Suka ɗoro katafila a kan babbar mota, shi kuma yana zaune a samanta kamar ango. Siriri ne, mai tsabta, ba ya shan giya, ba ya ɗaga murya. Ya ce mana aikin wata uku ne. Kamfani ya ajiye masa kwantena a bakin fadama, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya rataye jakarsa a ƙusa. Jakar nan ban taɓa ganin ya juye kayanta gaba ɗaya ba.

Ranar da ya fara cin abinci a rumfar Esnati ina wurin, na kawo mata buhun gawayi a keke. Ya ci tuwon masara da soyayyen matemba, ƙananan kifin nan, da miyar ganyen kabewa, ya wanke hannu, ya biya, sai kuma ya tsaya ƙiƙam.

"Mai abinci, rasit fa?"

Esnati ta dube shi, ta dube ni. "Rasit na me? Rediyo na sayar maka?"

Bai yi dariya ba. Ya gyara tsayuwa ya yi mata bayani dalla-dalla. Kamfaninsu, in ji shi, yana biyan duk wanda yake aiki nesa da gida kuɗin abinci da na kwana da na motar zuwa ganin gida, amma sai ya nuna takarda. Kuma wannan alawus ko haraji ba ya taɓa shi, ba kamar albashi ba, da gwamnati take yagar rabonta tun bai shigo hannu ba.

"In babu takarda, ban ci ba ke nan," ya ce.

"To tuwon da ka haɗiye yanzun nan fa, ina ya tafi?"

"A wurin akawu, bai tafi ko'ina ba."

Masu cin abinci suka kwashe da dariya. Wani mai kifi ya ce a rubuta masa na ruwan da ya sha ma, kada ya yi asara. Luhanga bai ji haushi ba. Da Asabar ta zo ya hau mota zuwa Zomba, ya dawo da ɗan littafin rasit da hatimi na roba, an sassaƙa Gidan Abincin Esnati a jiki. Kai, ku zo ku ga ƙanwata! Rumfar da kaji suke ratsawa ta zama gidan abinci. Ta zaga da hatimin nan rumfa-rumfa tana nuna wa mata, ta buga a takarda, ta buga a bayan hannunta. Wasu mazan da zane suke fara shiga ran mace. Shi da hatimi ya shiga.

Wata ukun ya cika, ruwa ya sauko, kogi ya mayar da duk yashin da ya kwashe har da ƙari. Aka sabunta kwangila. Shekara ta zagayo, haka aka sake yi. A takarda aikin wucin gadi ne, kogin dai ba a gaya masa ba.

Ana cikin haka ciki ya fito a jikin Esnati. Mamanmu ta aika aka kira ni daga garin matata, hayin kogi, tunda ni ne namijin da yake tsaya wa 'yan'uwana mata. Muka zaunar da Luhanga, mai cikin, a gindin mangwaro. Ban yi masa faɗa ba, Allah ya sani, har da suruki na kira shi.

"Suruki, abin ba wuya. Ga fili nan bayan ɗakin Mama. Ka buga bulo, ka sari itace, ka ɗora jinka, bana ka kama fartanya a gonarta. Shi ke nan ka zama miji. Haka na yi a garin matata, haka ubanmu ya yi a nan."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai iya ba. Dokar kamfani ce: duk wanda ya gina ɗaki ko ya ajiye iyali a inda yake aiki ya zama ɗan gari, alawus ya tsaya nan take. Alawus ɗin kuwa ya fi albashin kauri.

"Ku yi mini haƙuri," ya ce. "Duk abin da na samu, shanu nake saya a garinmu a Rumphi, ƙanena yana kiwo. In sun cika zan zo da dattawanmu in biya sadaki da su, in ɗauke ta da abin da ta haifa, yadda ake yi."

"Yadda ake yi a ina?" in ji Mama.

"Ko'ina mana."

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Ɗan nan, ka buɗe kunnenka. Mu ba ma karɓar saniya a kan mutum. 'Ya'ya na uwarsu ne da kawunsu. In kana so a ce kai ne uba, to a gan ka a kan jinka, a gan ka a gona. Ban da wannan ba mu san wata hanya ba."

Sai na ga ya yi wani ɗan murmushi, irin na mai saye da aka gaya wa farashin farko. Da na raka shi kan hanya ya dafa kafaɗata, ya rage murya. "Na gane, Mailosi. Mu ma haka tsofaffinmu suke fara cewa. Kai dai gaya mini tsakaninmu, guda nawa take so?"

Na rantse masa, na kira sunan Allah, na kira kabarin ubanmu. Sai ƙara gyaɗa kai yake yi, wai ya gane. Mutumin nan shekara da shekaru yana zaton ciniki muke yi da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Esnati bayansa ta bi. "Yaya, ku bar shi, ai saura kaɗan." Saura kaɗan ɗin nan na ji shi har kunnena ya gaji.

Ga yadda zaman ya kasance. Safe da yamma yana zuwa rumfa, ya zauna a bencin masu saye. Tabarmar cikin gida, inda muke haɗa hannu a kwano, ko da wasa bai taɓa hawanta da rana ba, kada abokan aikinsa su gani. Esnati ta daina karɓar kuɗinsa, don wace mace ce za ta karɓi kuɗin tuwo a hannun uban cikinta? Amma rasit bai tsaya ba ko sau ɗaya. Yana ci a matsayin miji, yana karɓar takarda a matsayin baƙo, ƙarshen wata ya kai wa akawu a biya shi tuwon da bai saya ba. Mama kuwa bai taɓa ce mata Mama ba, sai uwar mai abinci.

Ranar da aka haifi Tamanda, Esnati tana asibiti, Mama ce ta tuƙa tuwo a rumfa. Ya zo ya ci. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya buɗe gwangwanin da ake ajiye hatimi, ya rubuta da kansa, ya buga, ya ninke ya sa a aljihu. Sannan ya hau keke ya tafi ganin jaririya. Ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Da damina ta kama, ɗakin Esnati ya fara yoyo daidai kan shimfiɗar jaririya. Ni na baro gonar matata, na hau na baibaye shi. Shi yana tsaye a ƙasa hannu a aljihu, ko damin ciyawa ɗaya bai miƙo mini ba. Da na sauko ya biyo ni bayan ɗaki yana cusa mini 'yan kwacha, kuɗin ƙasarmu, a hannu, wai ladan aiki. Na watsa masa su a ƙirji. Ya durƙusa ya tsince su tas.

Ba zan ce ba ya son yarinyar ba, don ƙarya ba ta cikin aikina. Yana son ta, so na ɓoye. Ranar Lahadi, in abokan aikinsa sun tafi coci, sai ya ɗora ta a kan katafila, ya riƙe mata hannu tana jan ƙarfen, tana ihu don daɗi. Shi ya koya mata cewa Baba. In ya je ganin gida da tikitin kamfani ya dawo, sai ya zaunar da ita a cinya yana ba ta labarin shanunta: akwai ja mai karyayyen ƙaho, akwai fara mai tsoron ruwa, akwai wani ɗan maraƙi baƙi mai farin goshi da ya sa wa suna Gwamna. Yarinya ta haddace shanun da ba ta taɓa gani ba. Kujera ɗaya kamfani yake biya a mota, saboda haka ita da uwarta ba su taɓa leƙa Rumphi ba.

Tamanda tana shirin shiga makaranta sai wani ya kai tsegumi ofishinsu, wai Luhanga ya yi iyali a wurin aiki. Ba ni ba ne, ko da yake na sha yin niyya. Suka turo akawu, wani ƙaton mutum mai gumi, ba tare da sanarwa ba. Ya leƙa kwantena, ya ga katifa ɗaya da jaka a ƙusa. Ya ce to a kai shi wannan gidan abinci da yake ganin hatiminsa kullum. Tsakar rana ce, rumfa cike, ni ma ina ciki.

Suna zama a benci Tamanda ta fito daga bayan rumfa a guje, riƙe da wata 'yar mota ta waya. Ta faɗa kan ƙafar Luhanga ta rungume.

"Baba! Baba, duba, tayar ta fita, gyara mini!"

Har masu taunar kifi suka tsaya. Akawu ya ɗaga gira ya dubi Luhanga.

Mutumin nan ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun yarinya daga wandonsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana murmushi. Ya ce, "'Yar mai abinci ce, ranka ya daɗe. Duk wanda ya ci tuwo a nan Baba take ce masa." Ya laluba aljihu ya fito da ɗan canji. "Ungo, yarinya, je ki sayi rake."

Tamanda ta tsaya da kuɗi a tafin hannu tana kallon fuskarsa, tana jiran ya ce wasa ne. Akawu ya sunkuyo. "Ke 'yar albarka, wane ne babanki?"

Kafin ta buɗe baki Esnati ta amsa daga bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. "Ba ta da uba, maigida. Kawu take da shi, ga shi can zaune. Me za a zuba maka, kifi ko wake?"

Akawu ya ci kifi, ya yaba miya, ya biya, ya karɓi nasa rasit, ya tafi yana cewa mutane dai ba su da aiki sai sharri.

Da yamma sai ga Luhanga da sabon takalmin makaranta a leda, fuska a sake, kamar wanda ya tsallake kogi da kaya a ka. "Kin yi dabara, Esnati, kin cece mu." Ta zuba masa tuwo, ta bari ya cinye, ta rubuta rasit, ta buga hatimi, ta riƙe takardar a hannu ɗaya, ta miƙa masa ɗaya hannun a buɗe.

"Kuɗina."

"Haba Esnati, ni ne fa."

"Na san ka mana. Kai ne Baƙo mai katafila. Kuɗina."

Ya biya. Takalmin kuwa a kan benci ya kwana, da safe wani ya yi gaba da shi. Tun daga ranar ƙofar ɗakinta ta rufu gare shi, Tamanda kuma ba ta ƙara cewa Baba ba. Ba wanda ya hana ta. Ita da kanta ta koma kiransa abin da kowa yake kiransa.

Mai hankali da a nan zai farka. Ya je ya sauke alawus, ya nemi fartanya, ya durƙusa wa Mama tun tana da rai. Ina! Shi a lissafinsa fushin mata ne, shanu za su wanke komai. Ya ma ƙara ƙaimi. Dattawansu sun gaya masa yarinyar da aka haifa ba a biya sadakin uwarta ba, shanunta sun fi yawa, sai ya rage cin kifi ya koma wake. Wata shekara ciwo ya kashe masa rabin garke, ya sake farawa. Kullum yana nan a benci, yana biya, yana karɓar takarda, yana bin yarinya da ido tana wanke kwanuka.

Ni na sa ta a makaranta, da sunana aka rubuta ta. Yakan tare Esnati a hanyar rijiya da kuɗi a dunƙule, wai na littattafai. Ta ce ya kawo a gaban mai gari, da rana, ya faɗi ko na wane ne. Sai ya ce saura kaɗan. Da Mama ta rasu, surukan gida suka tuɓe riga suka shiga haƙan kabari. Shi da ma'aikatan kamfani ya zo, cikin rigar aiki, ya jefa gudummawa a faranti, aka kira sunansa cikin jerin baƙi. Yana da injin da zai haƙa kabarin nan kafin a gama waƙa ɗaya, amma ko shebur bai taɓa ba.

A ƙarshe aka yi wa kogin madatsa ta siminti, yashi ya daina shigowa, aikin wucin gadi ya ƙare bayan yarinyar da aka haifa a cikinsa ta isa aure. Babbar mota ta zo ta ɗauki katafila da kwantena. Luhanga ya sauke jakarsa daga ƙusa ya bi su. Na ce a raina, Allah ya raka taki gona. Esnati gwiwa ta dame ta, ta bar wa Tamanda rumfa da tukwane da hatimi. Wani masunci, Lameki, wanda bai mallaki komai ba sai komar kamun kifi da keke marar birki, ya zo neman Tamanda. Muka nuna masa fili. Washegari ya fara buga bulo.

Lameki ya gama gini yana kan ɗora jinka, wata rana da hantsi, muka ji rurin babbar mota da kukan shanu. Tirƙashi! Ashe mutumin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba. Shanu ne cike da mota, manya-manya, sun ratso ƙasar nan daga arewa har kudu a tsaye, sun galabaita, bakinsu yana kumfa. Luhanga ya sauko daga gaba cikin sabon kwat, da dattawa biyu masu sanduna a bayansa. Gari ya ruɗe. Masu kifi suka bar kifi, mata suka fito da ludayi a hannu, mai garinmu, da yake mace ce, da kanta ta sa aka kawo mata kujera.

Dattawan nan mutanen kirki ne, na tausaya musu. Suka cire hula, suka tafa hannu, babbansu ya yi dogon jawabi mai daɗi. Ɗansu ya yi laifi, ya daɗe, amma ga shi ya zo da haƙƙi cikakke har da na biyan tara. A karɓi shanu, a ba su 'yarsu su kai ta gidan kakanninta, in aure ne a can za a ɗaura.

Aka juyo ana kallona. Na ce, "Dattawa, sannunku da hanya, a kawo muku ruwa. Amma wace 'yar taku? Mun gaya wa mutumin nan tun tana ciki, ba ma karɓar saniya a kan mutum."

Luhanga ya matso, har yanzu da ɗan murmushin nan na ciniki. "Mailosi, dube su fa. In ba su isa ba, akwai sauran maruƙa a gida."

Esnati tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Baƙo, shekarun nan duka da kake zuwa rumfata, ka taɓa ganin ina sayar da wani abu ban da tuwo?"

Mata suka saki shewa. Babban dattijon ya dubi Luhanga, ya tambaye shi wani abu da yarensu, a hankali. Luhanga ya dubi mai gari, ta kawar da kai. Ya dubi Tamanda, tana tsaye a bakin rumfa da muciya a hannu, tana kallon shanu yadda ake kallon motar da ta tsaya shan mai. A nan na ga murmushin ya bar fuskarsa. Sai a ranar ya yarda ba ciniki muke yi ba.

Ya cire kwat ya yar a ƙasa. Ya nufi sabon ɗakin, ya sunkuci damin ciyawa ya saɓa a kafaɗa, ya kama tsani. Ciyawa tana zuba a kan farar rigarsa. Ya taka matakin farko.

Lameki yaro ne mai ladabi, ba da mugunta ya yi ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya sauko da sauri, ya karɓe damin da hannu biyu, ya rusuna.

"Haba dattijo, bari, bari. Kai baƙonmu ne. Ina aka taɓa sa baƙo aiki? Je ka zauna a inuwa a kawo maka ruwa."

Aka kai shi inuwa, aka kawo masa ruwa.

Shanun kuwa suka zama masa bala'i. Direba ya ce a sauke masa mota, yana da lodin shinkafa. Kuɗin mayar da su arewa babu, duk ya tafi a kawowa. Ƙasarmu fadama ce, ba makiyaya. Kafin kwana biyu sun shiga irin shinkafar mutane, mai gari ta ci shi tara. Mahautan Zomba suka ji labari suka sauko kamar ƙudaje, suka san ba shi da yadda zai yi, suka saye garken a farashin awaki. Dattawa suka hau motar haya suka koma, ko sallama ba su yi masa da kyau ba.

Ni kuma biki yana gabana, ina neman abin yanka. Na je wurin mahauci na zaɓi wani tsohon sa, baƙi mai farin goshi, na biya da kuɗina, da araha. Ranar biki mai sanarwa ya ɗaga murya: kawun amarya ya yanka sa! Aka yi guɗa. Luhanga yana can bencin baƙi, tsakanin wani direba da mai sayar da gishiri. Ya ga kan san a jingine a gindin mangwaro, na ga leɓensa ya motsa. Aka miƙa masa faranti da tsoka biyu, kamar kowa. Ya riƙe shi a cinya har ya huce.

Mun zaci zai koma. Ya koma ina? A Rumphi ma ɗan ziyara ne mai tikiti, ɗakin da yake sauka 'ya'yan ƙanensa sun cika shi, shanun da suke sa a yi masa maraba kuma sun tafi. Ya kama hayar wani ɗan ɗaki bayan kasuwa, ya kafa laima, ya rataye jaka a ƙusa.

Bayan biki da 'yan kwanaki Tamanda ta buɗe rumfa. Ina zaune ina shan shayi sai ga shi. Ya zauna a wurinsa na kullum, ƙarshen benci. Ta zuba masa tuwo da wake, ya ci a hankali, ya wanke hannu, ya biya. Ta buɗe gwangwani ta fito da littafi da hatimi.

"Bar shi, Tamanda," ya ce. "Yanzu ba wanda zai biya ni."

"A'a, ai ƙa'ida ce. In babu takarda ba ka ci ba."

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kin tuna Gwamna? Baƙin nan mai farin goshi. Ke nake yi wa kiwonsa."

"Naman ya yi tauri," ta ce. Ta buɗe littafi, ta danna biro, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ba fushi, ba komai. "Da sunan wa zan rubuta, maigida?"

Ya dube ni, ni kuwa na ci gaba da shan shayina.

"Luhanga," ya ce.

Ta rubuta, ta hura wa hatimi iska, ta buga, ta yage ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ninke shi sau biyu ya sa a aljihun ƙirji. Kamfanin da zai kai wa ya daɗe da tafiya. Da yamma ya dawo, ta sake tambayarsa sunan, ya sake faɗa. Gobe ma zai zo.